Ranar da Kawu Ya Yi wa Buroshi Aski

Kawuna mai aski ne, ko in ce ya taɓa zama mai aski, har zuwa ranar da ya yi wa mai gidan da yake haya gyaran fuska ya haɗa da rabin gira. Daga nan shagon ya koma hannun mai sayar da cajar waya, shi kuma ya rungumo akwatin kayan aikinsa ya dawo gidanmu. Mama ta ba shi ɗakin da ke jikin na ajiye inji.

Mama wankin kafet take yi. Injinta guda ne, mai nauyin ƙaton rago. A ƙarƙashinsa akwai buroshi biyu, dogaye, farare, masu juyawa suna fuskantar juna, su ne ke tono dattin da ya shige cikin kafet. Duk ranar da aka dawo daga aiki sai Mama ta zare su, ta yanke gashi da zaren da suka naɗe a jiki, ta taje su, ta ɗauraye da ruwan ɗumi, ta rataye su a ƙusa don kada gashinsu ya kwanta. Iyakar hidimarsu ke nan. Amma yadda take lallaɓa su, ni da ta haifa ban taɓa samun irinsa ba.

Akwai wani otal a bakin babban titi da Mama ta daɗe tana yi wa sintiri, har masu gadi suka san ƙarar takalminta. Daga ƙarshe manajan ya yarda a yi gwaji a ɗakin taro, a kan wani kafet mai launin madara. In ya yi masa, duk ɗakunan otal ɗin namu ne. In bai yi ba, ga wani kamfani mai motoci da riguna iri ɗaya yana jira a ƙofa. Ana cikin haka Mama ta zame a banɗaki ta gurɗe hannun dama.

Ranar gwajin ta shirya da sassafe, hannu a rataye da gyale, za ta riga mu zuwa ta sa a kwashe kujeru a fesa wa kafet ruwan magani.

"Aku, ki wanke buroshin yadda kika ga ina yi," in ji ta. Aku ni ce, saboda babu muryar da zan ji sau biyu ban ɗauke ta ba. Sai ta juya wajen Kawu. "Auta, kai aikinka ɗaya ne. Ka sa injin a mota ka kawo min da rana. Ɗauka kawai."

Kawu ya haura arba'in, ga tumbi, amma shi ne autansu, kuma Mama ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Yaya, ki tafi hankalinki kwance."

"Wannan maganar taka ce ke tayar min da shi."

Tana fita na ɗauko buroshin na ɗora a benci a ƙofar gida, inda ake samun haske. Na fara bin zaren da almakashi. Sai ga inuwar tumbi ta rufe min rana.

"Me kike yi haka?"

"Ina cire abin da ya naɗe."

"Da almakashin yanka leda." Ya goya hannu a baya ya zagaya bencin. "Aku, wannan abin da ya tsiro a jikin buroshin, me ake ce masa?"

"Gashi."

"To a gidan nan wa ya san gashi?"

Na ce Mama ta ce ruwan ɗumi da mataji kawai.

"Mamarki kafet ta sani, ban hana ta ba. Ni kuwa na ƙarar da ƙuruciyata a kan kawunan mutane. Yau in manajan nan ya ga buroshin nan, ba ma sai an kunna inji ba zai sa hannu. Daga nan sauran otal-otal su ji labari, su riƙa kawo min nasu a layi. In buɗe shago. Gyaran buroshi na zamani. Babu mai yin sa a garin nan, kin san dalili?"

"A'a."

"Babu wanda tunaninsa ya kai. Matsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Maƙwabcin mai akuya ya sayi kura," in ji Mai guga daga shagonsa da ke jikin katangarmu, bai ko ɗago kai daga rigar da yake gogewa ba.

Ni dai an rene ni a kan kada in yi wa babba musu. Na matsa.

Kawu ya shiga ɗaki ya fito da farar rigarsa ta aiki da akwatinsa. Ya jingina buroshi ɗaya a tsaye a kan kujerar roba, ya yafa masa mayafin aski ya ɗaure ta baya. Ya kaɗa almakashi a iska sau uku, yadda ya saba.

"Yallaɓai, yaya za a yi? A rage ko a kwashe?"

Tela, wata dattijuwa da ke ɗinki a barandar da ke kallon tamu, ta tsayar da kekenta ta gyara tabarau.

"Me ya ce maka?"

"Ya ce in yi yadda na ga ya dace, Baba. Masu hankali haka suke cewa."

Gaskiya ɗaya ce, zaren da gashin da suka naɗe ya fitar da su tas cikin ɗan lokaci, ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Da ya tsaya nan, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma sai ya ja baya, ya kanne ido ɗaya, ya karkata kai.

"Ɓangaren hagu ya fi tsawo."

"Haka aka ƙera shi, Kawu."

"Haka kowa yake cewa kafin ya zauna a kujerata."

Ya jona injin aski. Ya bi hagu. Ya ja baya ya duba, sai dama ta fi tsawo. Ya bi dama, sai tsakiya ta yi tozo. Ya bi tsakiya. Farin gashi ya riƙa zuba a kan mayafi kamar ana kankare ƙanƙara.

"Da haka girar mai gida ta tafi," in ji Mai guga.

"Mai gida motsi ya yi."

"Wannan ma ka ce ya daina motsi."

Da ya gama da na farko sai ya ga ai ba zai yiwu a bar na biyu da suma ba, tunda tagwaye ne. Na biyun ya ɗan fi na farko gajarta, don haka aka dawo da na farko kujera. Suka yi ta karɓa-karɓa. Can ya ɗauko reza ya yi wa ɗaya tsaga a gefe, siririya, miƙaƙƙiya.

"Don a riƙa gane Hasan da Usaini," in ji shi.

Sai wanki. Ya ƙi ruwan ɗumin da na haɗa, ya ce wannan na jarirai ne. Ya zazzage rabin kwalbar sabulun gashi a bokiti, kumfa ta taso ta malala har bakin shagon Mai guga. Ya cuɗa su da yatsu yana tambayar su ko akwai inda ke musu ƙaiƙayi.

"A rataye su a ƙusa su sha iska," na ce.

"Iska ta marasa kayan aiki ce."

Ya fito da na'urar busar da gashi ya murɗa ta har ƙarshe. Yana busawa yana ba Tela labarin wani babban mutum da ya taɓa tsallake shaguna goma ya zo wajensa. Labarin ya yi daɗi, hannun ya tsaya wuri ɗaya. Tela ta fara shaƙar iska.

"Wa ke ƙona roba?"

Wani wuri mai faɗin tafin hannu a jikin mai tsagar ya nannaɗe ya dunƙule, yana ɗan hayaƙi. Kawu ya daɗe yana kallonsa.

"Dama can wurin ba shi da lafiya," in ji shi. "Zafi ne ya tona shi."

Ya sa reza ya kwashe wurin tal.

"Bawan Allah ya zo da sumarsa, zai koma da sanƙo," in ji Tela. "Ga furfura, ga sanƙo. Ya tsufa a hannunka tun kafin rana ta take."

Wannan maganar ce ta kashe mu. Na ga lokacin da ta shige shi. Ya dubi buroshin biyu, farare fat, ya girgiza kai.

"Baba ta yi gaskiya. Ba a kai tsoho neman aiki."

Ya tona ƙasan akwati ya fito da kwalin baƙin rinin gashi.

"Kawu, fari ne don na kafet mai laushi ne. Haka launinsa yake."

"Kowane mai furfura haka yake cewa, wai gado ne."

Ya dama rinin a murfin kwano, ya sa safar hannu, ya bi su lungu-lungu da ɗan buroshin haƙori. Sanƙon ma ya shafe shi har ya saje. Da suka ɗan sha rana ya kawo man gashi mai ƙamshin kwakwa ya mulke su har suna ɗaukar ido. Sannan ya ɗauki madubi ya riƙe wa kowanne ta baya, ya ba shi lokaci ya duba.

A nan ne Mai guga ya ajiye dutsen guga ya ɗauki waya ya kira Mama. Ya sa ta a bayyane don mu ji.

"Maman Aku, ki yi haƙuri, ni ne mai guga. Ƙanenki ya yi wa buroshinki aski, yanzu haka ya rina su baƙi."

"Aku," in ji Mama, "ki mayar wa bawan Allah wayarsa ki je ki yi abin da na sa ki."

Ta kashe. Mai guga ya dube ni. A makon da ya wuce ne na kira ta da muryarsa na ce labulenta ya ƙone, ta baro kasuwa a guje.

Tela ta ce a ba ta. Ta kira da tata wayar.

"'Yar nan, ni ce tela. Abin da aka gaya miki gaskiya ne."

"Har da tarin kin iya. Sannu."

Na kira da wayata, da muryar da Allah ya ba ni.

"Mama, ni ce."

"Na sani. Tun ɗazu ke ce."

Kawu kuwa ya riga ya mayar da buroshin cikin inji, ya lulluɓe shi da mayafin aski, ya tare mota. Mai guga ya ja ƙofar shagonsa ya sa kwaɗo, da kayan mutane a jiƙe a ciki. Tela ta ɗauki jakarta.

"Ina za ku?" in ji Kawu.

"Rakiya," in ji Tela. "Ba kullum ake buɗe sabuwar sana'a ba."

Ɗakin taron ya fi tsakar gidanmu girma. An jera kujeru a jikin bango, kafet ɗin ya miƙe daga ƙofa har ƙarshe, fari sol, da ɗan danshin maganin da Mama ta sa aka fesa. Ma'aikata sun tsaya a gefe, masu shara da masu kai abinci da yarinyar da ke karɓar baƙi. A tsakiya ga Mama tana magana da manaja da muryar da take ajiye wa manyan mutane. Manajan dattijo ne, fuskarsa duk ta yi layi-layi, wuyansa ya saki, amma gashin kansa ya fi gawayi baƙi, yana ta sheƙi a ƙarƙashin fitila. Na lura Kawu ya dube shi, ya gyaɗa kai shi kaɗai.

Na matsa kusa da Mama na ce a hankali, "Ki ɗaga injin ki duba ƙasansa."

Ta yi min kallon da ke nufin za mu haɗu a gida, ta ci gaba da murmushi.

Ni aka shirya zan tura injin tunda hannunta babu dama. Kafin in juya, Kawu ya jona wayar injin a bango, ya yaye mayafin kamar mai buɗe sabon gini, ya kama mariƙi da hannu biyu.

"Auta, ba ta."

"Yaya, aikin maza ne." Ya juya wajen manaja. "Ranka ya daɗe, abin da za ka gani yau ba a taɓa yin sa a ko'ina ba."

Nan dai bai yi ƙarya ba.

Ya danna. Injin ya ɗauka da wata ƙara da ban san shi da ita ba, yana tafe yana ɗingishi, duk juyin da sanƙon ya zo sai ya yi tsalle kaɗan. Kawu ya miƙe ƙirji ya nufi ƙarshen ɗakin, idonsa a gaba. A bayansa wani baƙin layi mai faɗi ya biyo shi, yana yi yana yankewa daidai inda sanƙon ya taka, kamar zanen tsakiyar titi. Ƙamshin kwakwa ya cika ɗakin.

Tela ta jawo kujera ɗaya daga jikin bango ta zauna.

Kawu ya kai bango ya juyo, ya ga abin da ya bari. Ya ɗan tsaya.

"Kun gani?" in ji shi da ƙarfi don ya rinjayi ƙarar injin. "Duk wannan a cikin kafet ɗinku yake. Datti ne ke fitowa."

Manaja ya juya ya dubi masu shara. Masu shara suka dubi juna. Saura ƙiris maganar ta zauna.

"Yanzu sai a kwashe shi," in ji Kawu, ya biyo layin don ya goge. Injin ya ja shi gefe, layi ya zama biyu. Ya koma ya gyara, ya zama uku, na ukun ya gitta sauran. Ya fara zagaye wuri ɗaya yana dannawa da tumbi, wurin ya yi baƙin da'ira kamar gindin tukunya.

"Ɓangaren hagu ya fi tsawo," in ji Mai guga.

Mama ta taka har bango ta fizge wayar da hannun hagu. Ɗakin ya yi tsit. Ta dawo ta sa ƙafa ta kwantar da injin a kan bayansa. Kowa ya matso.

Ga su nan kwance, baƙaƙe wuluk, gajeru, suna ƙyalli, ɗaya da tsagarsa a gefe.

"Wannan ne Hasan," in ji Tela, don amfanin waɗanda ba su nan da safe.

Mama ta dubi buroshin, ta dube ni, ta dubi Mai guga da Tela.

"Ashe ku ne."

"Mu ne," in ji Mai guga.

Manajan mutum ne mai sanyi. Ya durƙusa da ƙyar, ya dangwali layin da yatsa, ya duba, ya shinshina. Na ga fuskarsa ta ɗan canza, kamar wanda ya ji ƙamshin da ya sani a wurin da bai zata ba. Ya miƙe ya goge yatsan da hankici.

"Malama, tambaya ɗaya zan yi. Zai fita?"

Ƙofa ce ya buɗe mana. Mama ta taɓa fitar da tawada daga kafet, ta fitar da man inji, ta fitar da abin da yaro ya yi aka ɓoye da kujera har ya shekara. Rinin ma bai gama kamawa ba. Na ga ta ja numfashi za ta ce a ba ta zuwa gobe.

Amma an taɓa Kawu a inda ba ya haƙuri.

"Fita?" in ji shi. "Ranka ya daɗe, wannan ba irin na bakin titi ba ne da gumi ke wankewa. Wannan in ya kama ya kama. Ai kai ma shaida ne."

"Auta," in ji Mama.

"Irin na kanka ne sak. Tun da na shigo na gane shi, lamba ɗaya, baƙi mai sheƙi. Ka faɗa musu da bakinka, ka taɓa ganin ya zuba a wanka?" Ya matsa kusa, ya kanne ido ɗaya, ya karkata kai. "Sai dai wanda yake yi maka ba ya kyautawa. Ya bar maka fari ta bayan kunne. Ka zo wajena."

Masu shara suka ɗaga kai suna nazarin silin. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta tuna ana kiran ta a waya. Wani mai kai abinci ya fita da sauri ya ja ƙofa, sai dai ƙofar ba ta da kaurin da zai tare dariyarsa.

Hannun manaja ya tashi a hankali ya nufi bayan kunnensa, ya tsaya a hanya, ya koma aljihu.

"Ku ɗauki injinku," in ji shi.

A mota Kawu ya yi ta bayyana mana cewa matsalar daga kafet ɗin ne, fari ba ya karɓar aiki mai kyau. Muna fita daga harabar muka yi kiciɓis da motar kamfanin nan tana shiga.

Washegari motar otal ta tsaya a ƙofar gidanmu, ƙarti biyu suka sauke kafet ɗin a naɗe. Direban ya ce manaja ya ce mu riƙe, ba ya son ya ƙara ganin sa, haka ma mai farar rigar. Mama ta sa aka yanki inda zanen ya fi yawa aka shimfiɗa a ɗakin Kawu, daga bango zuwa bango. Ta ajiye masa bokiti da sabulu da buroshin haƙorin da ya yi rinin da shi. Ta karɓe mabuɗin ɗakin inji daga inda muke rataye shi ta ɗaure a bakin zaninta.

Sabbin buroshi sun iso daga baya, farare, da sumarsu. Tana zaune tana taje su da hannun hagu, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Yaya ma ya ce? Ta bayan me?"

Na kanne ido ɗaya, na karkata kai, na faɗa mata da muryar Kawu. Ba ta yi dariya ba. Matajin ne dai ya tsaya, kafaɗunta suka daɗe suna rawa.

Kawu kuwa kullum da safe yana durƙushe yana gurza. Duk baƙon da ya shigo sai ya kai shi ya leƙa, ya gaya masa a duk layin nan shi kaɗai ne ke kwana a kan kafet ɗin otal. Shekaranjiya ina wucewa ya kira ni.

"Aku, zo ki gani."

Na leƙa. Kumfa har gwiwar hannunsa, layukan suna nan yadda ya zana su.

"Ko ɗis bai fita ba," in ji shi, yana share gumi da bayan hannu. "Na gaya wa mutumin nan, kaya ne mai kyau."